Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Ƴan uwa ɗalibai, ga wata tambaya da nake so mu yi wa kanmu tun kafin iyayenmu su yi mana ita. A ce yaro ɗan manomi daga Gazawa ko Gidan Rumji ya ci bak, ya tafi jami'a, ya ce shi ilimin zanen gini zai karanta. Bai tsaya nan ba, ya ce so yake ya zurfafa har ya zama malamin jami'a, yana bincike a kan gine-ginen zamani da yadda ake nuna su a fim. Shin wannan yaro ya ci amanar gidansu, ko bai ci ba? An sayar da wake da gyaɗa da ƴar akuya an biya masa karatu. Garinsu likita ake nema, da malamin lissafi, da wanda ya iya gyaran famfo. Shi kuwa ga shi can yana kallon sinima yana ƴan rubuce-rubuce, wai aiki yake yi.

Na san abin da tsohonsa zai ce in ya ji: "Mi za a yi da wanga karatu? Gini ai magini ka yi." Kada mu yi saurin yi wa tsoho dariya, don tambayarsa tana da nauyi. Ni amsata ita ce yaron bai ci amana ba, amma ya ɗauki bashi, kuma bashin yana da hanyar biya. In ya bi hanyar, karatunsa yana cikin mafi amfanin karatun da ɗan yankinmu zai iya yi. In kuwa ya kauce mata, to tsoho ya fi shi gaskiya. Bari mu bi maganar daki-daki.

Abin da ake gani a bakin hanya

Duk wanda ya shiga mota daga Gidan Rumji ya bi kwalta ya ratsa Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har Gazawa, ya san yadda sabon gini yake a wurinmu. Bulo ne na siminti, siriri, a ɗora masa kwano, a sa ƙofar ƙarfe, in da hali a shafa fenti. Wanda ya dawo daga ci-rani, daga Kano ko Legas ko Libiya ko Abijan, abin da yake fara yi ke nan. Shago haka, ajin lakwal haka, ɗakin amarya haka.

Kuma dukanmu mun san yadda ɗakin nan yake a watan huɗu da na biyar, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kwano yana ɗaukar zafin rana nan take ya zubo shi a kan mutane. Bulo siriri ba ya tare komai, da rana ta bugi bayansa zafin ya ratso ciki. Bangon ƙasa mai kauri shi kuwa sannu a hankali yake shan zafi, kafin ya gama ratsawa rana ta faɗi, sai ya saki abin da ya sha cikin dare. Shi ya sa tsohuwa ke yin barcin rana a soron kakanmu, jikanta kuwa da ya kashe dukiya ya yi ɗakin kwano sai ya ɗauki tabarma ya koma gindin bedi.

To, mutanenmu wawaye ne? Ko kusa. Mai gina ɗakin bulo yana da dalilansa, kuma dalilai ne na gaske. Ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, alhali samarin da za su kwaɓa ƙasar sun tafi ci-rani. Azara ta yi wuya, giginya ba ta nan kamar da. Gara na cin itacen rufi. In damina ta yi ƙarfi, bango na jiƙa daga ƙasa ya zauna. Sannan ga dalilin da ba a cika faɗa a fili ba: mutunci. In ka je neman aure aka ce gidanku na siminti ne, magana ta yi sauƙi. Ƙasa ta zama tambarin talauci, siminti ya zama shaidar cewa ka fita ka dawo da abin hannu.

Ka ga ke nan matsalar gini a wurinmu kashi biyu ce. Akwai ta bango da rufi, akwai kuma ta ido da zuciya. Injiniya yana iya magance ta farko. Ta biyun sai wanda ya san inda sha'awa take fitowa. Nan ne tarihin salon zamani da kuma fim suke shigowa cikin maganar.

Mene ne ma zamanin?

A tarihin gini akwai wani salo da ake kira salon zamani. Ya taso a Turai a farkon ƙarni na 20. A 1919 aka buɗe makarantar Bauhaus a Jamus, a Faransa kuma akwai Le Corbusier, wanda ya gina wani babban gidan bene a birnin Marsey, aka gama shi a 1952, mai ɗaukar iyalai sama da 300. Mutanen nan sun tarar da ma'aikatan masana'antu a cunkushe cikin ɗakuna masu duhu da danshi, tarin fuka yana kashe su, masu kuɗi kuwa suna ta yi wa bangonsu ado irin na fadar sarakunan da. Sai suka ce a daina kwaikwayon tsohon ado. A tambayi abin da mai zama cikin gidan yake buƙata, a duba kayan aikin da ke kusa, a yi ginin a kan haka.

Ƙasarsu ta sanyi ce, rana abin marmari ce, don haka suka buɗe manyan tagogi na gilashi. Ƙarfe da siminti a masana'antunsu ake yi, don haka suka yi aiki da su. Amsar da suka samu ta dace da tambayar da suka yi.

Mu kuwa amsar ce ta iso mana, tambayar ta tsaya a hanya. A 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari da ke cikin kwari, Turawan mulkin mallaka suka mai da garin kan tudu, suka shata masa tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna. A zamanin nan da bayansa, ofishin gwamnati da gidan kwamanda da asibiti da lakwal su ne suka zama hoton ci gaba a idon talaka. Duk inda iko yake, siminti ne. Yaro ya taso yana ganin mai hukunci a ɗakin siminti, wanda ake yi wa hukunci kuma daga ɗakin ƙasa ya fito. Ba sai an yi masa bayani ba, ya riga ya fahimta.

Amma a ce wani ya zauna a Agye yau ya yi ainihin tambayar da mutanen Bauhaus suka yi: me mai zama cikin ɗakin nan yake buƙata, kuma me muke da shi a kusa? Zai ga rana ce abokiyar gaba, inuwa ce dukiya. Zai ga siminti sai an ɗauko shi daga Malbaza ko daga Najeriya, kuɗin mota a kansa, ƙasa kuwa tana ƙarƙashin ƙafarsa. Zai ƙare da bango mai kauri, ƙaramar taga a sama, tsakar gida mai itace, da zaure mai tare ido da ƙura. Wato wanda ya bi hanyar ƴan zamani da gaske, kusa da gidan kakansa zai sauka. Mai kwafar gilashi da kwano shi ne ke yin abin da ƴan zamanin suka hana, wato kwaikwayo ba tunani. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Wannan fahimtar sai da karatu ake samun ta. Wanda bai san tarihin abu ba, in an kawo masa ɓawonsa zai karɓa ya yi godiya.

Ina fim ya shigo?

Mutum ba ya gina abin da bai taɓa gani ba. Kafin a haƙa harsashi, an riga an gina gidan a cikin kai. Tambayar ita ce wa ya zuba hoton a cikin kan. A da tafiya ce ke zuba shi, fatake da alhazai su dawo da labari. Yau wayar da ke aljihunka ce. Ku lura da finafinan da muke turawa juna, na Kano da na Indiya da na Turkiyya. Sau nawa kuka ga mutumin kirki, mai ilimi, mai rufin asiri, yana zaune a gidan ƙasa mai tsabta kuma da son ransa? Mafi yawan lokaci gidan ƙasa wurin boka ne, ko na baƙauyen da aka kawo don a yi dariya, ko wurin da yarinya ke kuka kafin mai mota ya zo ya fitar da ita. Ba wanda ya tsaya ya yi mana wa'azi cewa ƙasa abin kunya ce. Kallo ne kawai, yau da gobe, har ya zauna.

Abin da ya kamata mu yi alfahari da shi shi ne, masu fim na ƙasarmu sun hango wannan tun kafin a haife mu. A 1966 Mustafa Alasan ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Saurayi ne ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa huluna da takalma, suka hau dawaki, suka shiga yin abin da suka gani a sinima, har garin ya rikice. Kaya kawai aka kawo, amma halin da ke cikin kayan ya biyo su. A 1972 ya sake yin wani mai suna F.V.V.A., wato mata, bila, mota, kuɗi: labarin ƙaramin ma'aikaci da burin waɗannan abubuwa huɗu ya kai shi ga taɓa abin da ba nasa ba. Ku lura, bila tana cikin jerin. Tun shekara 12 bayan samun ƴancin kai, ya gane cewa gidan siminti ya tashi daga wurin kwana ya koma lambar girma, irin wadda mutum zai iya sayar da mutuncinsa don ya samu.

Shi ma Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi kafin ya koma mai ɗaukar fim, ya yi Petit à petit tare da Damure Zika a farkon shekarun 1970. A ciki, ɗan kasuwa ɗan Nijar ya ƙudura zai gina dogon bene, sai ya tafi Paris don ya ga yadda mutane ke rayuwa a irin waɗannan gidaje. Da ya isa sai ya shiga auna Faransawa yana rubuta al'adunsu, kamar yadda masu bincikensu ke yi wa baƙar fata. Abin dariya ne, amma akwai hankali a ciki: kafin ka ɗauko gidan mutane, je ka duba yadda suke zaune a cikinsa, ka ga ko irin zamanka ne.

Saboda haka malamin gini da ke nazarin fim ba shiririta yake ba. Yana bin sawun sha'awa ne zuwa inda ta fito. Likita ma ai ba ya tsayawa ga ƙurji, sai ya tambayi ruwan da ake sha.

Ilimin da muka tarar

Yanzu mu koma ga maganar tsoho, cewa gini magini ke yi. Gaskiya ne, kuma maginanmu ba ƙananan mutane ba ne. A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara, da bakan gizo da har yau masana ke zuwa su yi nazarinsa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. A Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin garinsu a 1962, jama'a suka yi gayya, wani ya kawo ruwa, wani ya kwaɓa ƙasa, wani ya kawo itace. A 1986 masallacin ya ci lambar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gini na duniya.

To in haka ne, me jami'a za ta ƙara? Abu uku.

Na farko, awo. Magini ya san ƙasa mai kyau da hannunsa da idonsa, amma in ya mutu hannun ya tafi da shi. Mai bincike yana iya auna yawan yumɓu da yashi, ya gwada nauyin da tubali zai ɗauka, ya ga siminti kaɗan nawa za a zuba don ruwa ya kasa cin sa, ya rubuta, wani ya ɗora a kai.

Na biyu, gyara. Ba duk abin da muka gada ne daidai ba. Harsashin da ba ya hana danshi hawa, rufin da ba shi da baki mai kare bango, indararon da ke zuba ruwa a gindin katanga, duk ana iya gyara su.

Na uku, sa hannu. Wannan shi ne wanda ba mu cika lura da shi ba. In za a gina aji ko ɗakin shan magani da kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiya, ba a tambayar sarkin magina. Takarda ake bi, takardar kuwa mai digiri ne ya rubuta ta. In shi bai san komai ba sai bulo da kwano, to ƙauyuka ɗari za su samu bulo da kwano. Malamin jami'a shi ke koyar da masu rubuta takardun nan. Ajinsa ƙarami ne, amma inuwarsa ko zafinsa yana kaiwa har Cadakwari.

Waɗanda suka gwada

Ba mafarki nake ba da labari ba. Mariam Isufu Kamara ƴar Nijar ce. Kwamfuta ta fara karanta a Amurka, daga baya ta koma ta yi karatun zanen gini. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta sa masa suna da Hausa: Masomi. A Dandaji, cikin jihar Tawa, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tarar da tsohon masallacin ƙasa da ya fara lalacewa. Maimakon a rushe shi, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, kuma maginan gargajiya suna cikin aikin. An gama a 2018. A 2022 ta zama farfesa a babbar makarantar fasaha ta Zurik, a ƙasar Suwis.

A Burkina Faso akwai Francis Kéré. Ɗan ƙauyen Gando ne, ya yi karatu a Jamus, ya dawo ya gina wa garinsu lakwal a 2001. Bangon tubalin ƙasa ne. Bai ƙi kwano ba, sai dai ya ɗaga shi sama da silin ya bar fili a tsakani, iska na ratsawa tana kwashe zafi, bakin kwanon kuma ya fito yana kare bango daga ruwa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker. Shi ma malamin jami'a ne a Munik.

Ku duba abin da mutanen nan biyu suka yi. Ba su ce a koma zamanin kakanni ba. Inji suka sa, suka yi lissafi, suka yi aiki da ƙarfe inda ya kamata. Tambayar nan ta ƴan zamani suka yi, amma a kan ƙasarsu suke tsaye lokacin da suka yi ta.

Inda maganar take da ƙaya

Yanzu ga abin da zai hana mu saurin tafi. Wani zai ce: "To madalla. Kai mai digiri kana kwana a bila mai na'urar sanyi, ka zo kana yi wa talaka waƙar daɗin gidan ƙasa. In ya rushe a kan ƴaƴansa, kana ina?"

Wannan zargi ba na wasa ba ne. Daminar 2024 ba ta yi nisa da za mu manta ba. Jihar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi muni, gidajen ƙasa da yawa suka zube, aka rasa rayuka. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa na ƙarni na 19 ya rushe a watan tara na shekarar. Wanda ya tono ɗan uwansa daga ƙarƙashin bango, in ka ce masa ƙasa ta fi siminti, yana da haƙƙin ya juya maka baya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga kuma ɗaya gefen. A watan sha ɗaya na 2021 gobara ta tashi a ajujuwan zana a cikin garin Maraɗi, yara ƙanana sama da 20 suka rasu. A watan huɗu na wannan shekarar irin haka ta faru a Yamai. Me ya sa yara ke karatu a rumfar zana? Don ajin siminti yana da tsada, yara kuma sun fi ajujuwa yawa. Tsakanin zana mai cin wuta da simintin da ba a iya saye, akwai fili babba. Cike filin nan da aji mai araha, mai sanyi, wanda ruwa ba ya kayarwa, wuta ba ta ci, aikin mai ilimin gini ne. Wanda ke ganin karatun nan ado ne, ya tuna da yaran nan.

Saboda haka ma'aunin da nake ba da shawara mu riƙe mai sauƙi ne. Kada ka zana wa mutum ɗakin da kai ba za ka yarda ka kwana a ciki da ƴaƴanka ba, sau biyu: a watan huɗu da kuma a watan takwas. Ɗakin kwano ya faɗi jarrabawar watan huɗu. Ɗakin ƙasa maras harsashi ya faɗi ta watan takwas. Mai tallan ɗaya daga cikinsu yana ɓoye aibinsa, ko don kwangila ko don a yaba masa a taron Turai, ya ci amana. Kuma ƙaryar mai ilimin gini ta fi ta sauran muni, don mutane a ƙarƙashinta suke kwana.

Bashin da hanyar biyansa

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku tsaya a kan kalmar nan. In namiji ya ce "mai ɗakina", matarsa yake nufi. Kuma haka abin yake: ita ce ke wuni a gidan. Ita ta san inda hayaƙi ke taruwa, inda rana ke faɗowa da la'asar, inda za a kafa turmi, inda za a ɗaure awaki, nisan randa da murhu, da inda baƙo zai iya hango ta in an buɗe ƙofa. Amma in za a yi gini, maza ne ke zama a zaure su yanke. Shi ya sa za ka ga an yi madafa a cikin bila irin ta fim, matar gida kuwa ta fito waje ta kafa duwatsu uku, don nan ne aikinta ke yiwuwa.

To kashi na farko na bashin shi ne saurare. Mai digiri ya zauna a tabarma ya ce: "Inna, nuna mini inda ɗakin nan ke ba ki wahala." Ya je wurin tsohon magini ya ce: "Baba, yaya kuke gane ƙasar da za ta yi tubali?" Kuma in ya rubuta abin da ya ji, ya sa sunan mai maganar. Kwasar ilimin tsofaffi a kai jami'a a sa masa sunan wani, sata ce, ko da an yi ta da Faransanci mai kyau.

Kashi na biyu, faɗin gaskiya, kamar yadda muka ce: aibin ƙasa da aibin siminti, duka a shimfiɗa su a gaban mai gida, shi ya zaɓa. Ba a tilasta wa mutum zama gidan tarihi don baƙi su zo su ɗauki hoto.

Kashi na uku, mai da ilimin gida da harshen gida. Nan ne nake da magana da duk wanda zai tafi Lome ko Zariya ko Turai ya karanta gini. Zama farfesa a nesa ba laifi ba ne, kujerar tana sa a saurare ka a inda ake yanke shawara. Amma in duk abin da ka gano yana cikin mujallar da maginin Gangara ba zai taɓa gani ba, cikin harshen da ba ya ji, to ka biya bashin ga wanda ba shi ya ba ka rance ba. A nan fim ya sake dawowa, wannan karon a matsayin magani. Bidiyon minti biyar da Hausa, mai nuna yadda ake ɗaga harsashi da dutse, ko yadda ake ɗaga kwano sama da silin, zai shiga wayoyin da littafi ba zai kai ba. Kuma fim ɗaya mai kyau, wanda jaruminsa malami ne ko likita da ke zaune a gidan ƙasa mai kyan gani don ya fi masa daɗi, zai yi aikin da lacca ɗari ba za ta yi ba. Ido ne ya koya mana kunyar, ido ne kuma zai cire ta.

Mu da ba mu kai can ba tukuna, akwai abin da za mu iya tun yanzu. A kowane gari namu akwai tsoho da ya iya ɗaurin guga, ya san haɗin makuba, kuma ba wanda ke koyo a wurinsa. Hutu na zuwa. Waya tana hannu. A nemi izininsa, a zauna da shi, a ɗauki hannunsa yana aiki, a tambaye shi sunan kowane abu. A ɗauki ma'aunin zafi a shiga ɗakin kwano da ƙarfe biyu na rana, a rubuta, a shiga soro a rubuta, a kawo mu kwatanta. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke cikinmu suna iya nuna wa malamansu abin da aka samu. Bincike ke nan, ba sai da jirgi ba.

Shi kuwa yaron da muka fara da shi, in tsohonsa ya sake tambayar sa amfanin karatun, kada ya amsa da sunan digiri. Ya ce: "Baba, so nake jikokinka su yi karatu a ajin da ba ya ƙuna, su kwana a ɗakin da ba ya gasa su, ba ya kuma faɗo musu." In ya faɗi haka, tsoho zai sa masa albarka. Sauran kuma ya rage nasa: ya tuna cewa ya faɗa.